Kamfanin da ya horar da mu kamfe a Garwa: abin da suka iya da inda suka bar mu

Tun da aka gama zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na ranar 12 ga Oktoba 2025, mutane da dama suke tare ni a kasuwa ko bayan sallar Juma'a suna tambayata ko kuɗin da kwamitinmu ya biya wani ƙaramin kamfanin ba da shawarar kamfe a nan Garwa ya yi rana, domin wasunsu suna shirin neman kujerar majalisa ko ta magajin gari, kuma suna so su sani ko su ma su nufi can. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda akwai wuraren da zan kushe aikinsu, kuma ban ga dalilin ɓata wa matasa masu neman abincinsu suna a bainar jama'a ba. Haka nan ba zan faɗi ɗan takarar da muka yi wa aiki ba. Ya isa in ce yana cikin mutum 12 da aka amince su tsaya, kuma ba shi ne ya zo na ɗaya ko na biyu ba. Ke nan shugaban ƙasa Paul Biya da Issa Tchiroma Bakary, waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu, dukkansu abokan hamayyarmu ne, kuma kowannensu ya shigo kamfen nan da abin faɗa rataye a wuyansa. Yadda za mu yi da wannan abin faɗa shi ne ainihin abin da muka je saye.

Mu 14 ne daga unguwanni daban-daban, wasu daga Yelwa, wasu daga Lopere da Rumde Ajiya, kuma kowa ya biya jaka 25 na sefa. A kan wannan kuɗi aka yi mana alkawarin horo na kwana uku a ofishinsu, da zauren WhatsApp da za su riƙa amsa tambayoyinmu a tsawon kwana 15 na kamfe, wanda aka buɗe ranar 27 ga Satumba, da kuma tsara mana takardun rabawa, amma kuɗin bugawa namu ne. Ofishin ɗakuna biyu ne a saman bene, da fanka da ƙaramin janareta wanda ya cece mu sau da yawa. Ma'aikatan uku ne: shugabansu, wanda ya taɓa aikin rediyo, da wata malama da ta karanta fannin sadarwa, da wani saurayi mai kula da hotuna da bidiyo. Sun ba mu rasiti tun kafin mu tambaya, suna fara darasi a kan lokaci, suna tsayawa idan an kira salla, kuma abincin rana bai taɓa makara ba. A wannan gefe ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Safiyar farko mun shiga da zumuɗi, kowa da jerin laifukan abokan hamayya a kansa, muna jiran a koya mana yadda ake harba su. Sai malamar ta raba mana fararen takardu ta ce kowa ya rubuta abubuwa biyar da mutanen unguwarsa suke faɗa a kan namu ɗan takarar idan ba ma wurin. Ɗakin ya yi tsit. Wani daga cikinmu ya ce ai ba wannan ya kawo mu ba, ta amsa masa cikin ladabi cewa laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani, kuma wanda bai san tudun da yake tsaye a kai ba, ranar da ya nuna na wani da yatsa za a nuna masa nasa a gaban jama'a ya rasa ta cewa. Mun rubuta, ta tattara ta karanta ba tare da faɗin mai kowace takarda ba, sai ga shi abubuwa uku sun maimaitu a kusan kowace takarda. Rabin yinin nan ya ƙare a kan neman amsar gaskiya ga waɗannan ukun, ba musu ba, ba kuma kauce-kauce ba. A ganina wannan rabin yini kaɗai ya biya kashi mai tsoka na kuɗin, domin a makonnin da suka biyo baya babu majalisar da na zauna ba a jefo mini ɗaya daga cikinsu ba.

Bayan haka ne suka kawo abin da suke taƙama da shi, wato raba abin faɗan abokin hamayya gida uku kafin a buɗe baki. Akwai na cikin gida, wanda ya shafi iyali da lafiya da sirrin mutum. Akwai na muƙami, wato abin da mutum ya yi ko ya faɗa yana riƙe da amanar jama'a. Akwai kuma tuntuɓen kamfe, kuskuren da ake yi yau a yi dariya gobe a manta jibi. Dokarsu ita ce na farko ba a taɓa shi sam, na biyu ana kawo shi da hujja da ranar da ya faru, na uku kuwa a bar wa masu barkwanci. Da aka faɗa haka na ɗauka magana ce ta cikin aji wadda ba za ta jure zafin titi ba. Ashe misalinta yana cikin wayoyinmu tun kafin mu hau benen.

A kwanakin ne bidiyon Brenda Biya, 'yar shugaban ƙasa, yake yawo a TikTok, inda ta yi kira ga jama'a kada su zaɓi mahaifinta. Samarin cikinmu sun ɗauke shi tamkar tsuntsu daga sama gasasshe. Ɗaya daga cikinsu har ya riga ya yanka shi, ya ɗora masa fassarar Hausa da muryarsa, yana jiran a ce masa ya saki a zaurukan unguwa. Shugaban kamfanin ya ce kowa ya kife wayarsa a kan tebur, sannan ya dubi yaron ya tambaye shi ko zai iya kunna wannan abu a gaban mahaifiyarsa yana dariya. Yaron ya sunkuyar da kai. Sai ya ci gaba da bayanin cewa a Garwa, tsakanin Hausawa da Fulani da sauran maƙwabtanmu, idan ɗa ya fito ya tozarta mahaifinsa a duniya, dattijon da ya ji ba murna yake yi ba ko da yana ƙin mulkin uban. Tsoro ne yake kama shi, ya tuna nasa 'ya'yan, ya ce Allah ya rufa mana asiri. Duk wanda ya zo masa da wannan bidiyo yana washe baki, to shi ne zai faɗi a idonsa, kuma tausayi ya koma wajen wanda aka so a kayar. Ya ƙara da cewa maganar da ta fito cikin fushin iyali takan koma inda ta fito, kuma ranar da ta koma, wanda ya gina kamfensa a kanta zai tsinci kansa riƙe da iska. Ba a jima ba kuwa yarinyar ta sake fitowa ta nemi gafara ta janye maganarta, kuma na ga 'yan wasu kwamitoci da suka yi ta yaɗa bidiyon farko sun rasa yadda za su yi da na biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya ga hana mu ba, sun ba mu abin da za mu sa a gurbinsa. Suka ce idan wani ya kawo maganar a majalisa, kada mu yi kamar ba mu ji ba, mu ce wannan tsakanin uba da 'yarsa ne, Allah ya daidaita su, sannan mu juya zuwa abin da yake cikin aljihun mai sauraro. Sun shirya mana takarda guda mai ɗauke da abubuwan da kowa zai iya tabbatarwa da kansa. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairu 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairu 2024, kuma a tsakanin nan Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu 2023, abin da ya sa zuwa-zuwa, man kwalba da 'yan acaɓarmu suka dogara da shi, ya daina zama mafakar talaka. Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, megawat 72 aka gina ta ta bayar, kuma ita ce har yanzu ƙashin bayan wutar yankunan arewa uku bayan sama da shekara 40, alhali garuruwan sun ninka. Hanyar Garwa zuwa Ngaundere ba ta kai kilomita 300 ba, amma kowane direba ya san awoyin da take ci da tayoyin da take lalatawa. Suka ce waɗannan su ne abin faɗan da ba a janyewa, domin mutum yana cin karo da su kowace safiya.

Na gwada wannan da kaina a teburin mai shayi kusa da gidanmu, a daren farko na kamfe. Wani dattijo da nake girmamawa, tsohon direban manyan motocin auduga, shi ya fara kawo zancen yarinyar, yana kallona ta gefen ido don ya ga abin da zan ce. Na ce masa: “Baba, wannan maganar gidan mutane ce, ba ta fi ƙarfin addu'a ba. Ni abin da ya kawo ni shi ne in tambaye ka nawa jikanka yake kawowa gida yanzu idan ya wuni a kan babur, bayan ya cire kuɗin mai.” Ya ajiye kofinsa, ya gyara zama, ya ce: “Yaro, ashe an yi maka tarbiyya. Zauna in ba ka lissafi.” Sai da muka kai kusan ƙarfe goma sha ɗaya yana lissafa mini kuɗin mai da na buhun masara da na makarantar yara, mutane suna taruwa kowa yana sa baki. Ban san wanda ya zaɓa ba, ban kuma tambaye shi ba, amma daga ranar ƙofarsa a buɗe take gare ni, kuma shi ya riƙa kirana idan majalisa ta cika.

Kashi na biyu, wato abin faɗan muƙami, ya fi wahala, kuma a nan ne aka fi yin gardama. Issa Tchiroma ɗan garin nan ne, ya yi shekaru a kurkuku bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984, kuma mutane da yawa suna ganin girmansa a kan haka. Amma shi ne kuma ministan sadarwa daga 2009 zuwa 2019, bakin gwamnati a shekarun da suka fi zafi, bai kuma bar gwamnatin ba sai a watan Yuni 2025, lokacin yana ministan samar da aikin yi da koyar da sana'o'i. A watan Yuli 2018, da bidiyon sojojin da suka harbe mata biyu da yara biyu a Zelevet, can jihar Arewa Mai Nisa, ya bazu a duniya, shi ya fito ya kira shi labarin ƙarya. Daga baya binciken BBC ya nuna wurin da abin ya faru da waɗanda suka aikata, kuma a watan Satumba 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma, ɗaya kuma shekara biyu. Kamfanin ya ce wannan ba sirrin gida ba ne, magana ce da aka yi da sunan jama'a a kan jinin jama'a, saboda haka muna da haƙƙin kawo ta. Sai dai suka gindaya mana sharaɗi: mu faɗe ta da shekararta da yadda ta ƙare, ba ƙari ba zagi, mu kawo ta sau ɗaya a matsayin tambaya, mu bar mai sauraro ya auna.

Ta fuskar ɗa'a shawarar ta yi daidai, kuma har yau ina tare da ita. Ta fuskar sakamako kuwa, a nan ne na ga iyakar hangen nesansu. Sun ɗauka tarihin mutum a gwamnati zai yi masa nauyi a idon masu neman canji, amma da Tchiroma ya je Bamenda a lokacin kamfe ya nemi gafarar mutanen yankin masu magana da Ingilishi a kan abubuwan da ya faɗa yana minista, sai maganar ta juye. Duk inda muka kawo tambayarmu sai a ce mana ai mutumin ya tuba a bainar jama'a, wanda ya amsa laifinsa kuwa ya fi wanda bai taɓa amsawa ba. Ga kuma lissafin da talakawa suka yi tun kafin masana su yi shi: zaɓen shugaban ƙasa a Kamaru zagaye ɗaya ne, an riga an cire fitaccen ɗan adawa Maurice Kamto daga takara tun a ƙarshen Yuli, saboda haka duk mai son canji ya fara neman inda ƙuri'u suka fi taruwa ya kai tasa can, ba tare da ya damu da tarihin mai karɓa ba. Da muka kai musu wannan rahoto a zauren WhatsApp, amsarsu ita ce mu ci gaba da abin da aka tsara. Na so a ce sun zauna sun sake tunani, su gaya mana abin da ake yi idan abokin hamayya ya wanke kansa da neman gafara kuma jama'a suka karɓa, amma wannan babi babu shi a littafinsu.

Batun bidiyon kamfen shugaban ƙasa da aka yi ta sukar cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa hotunansa, sun sa shi a kashi na uku, suka ce kada mu ɓata kuɗin intanet ɗinmu a kansa, kuma hakan ne ya tabbata, domin a kasuwar Garwa ban ji wanda ya tayar da shi ba bayan kwana biyu. Maganar shekaru ta fi wannan laushi. Biya yana da shekara 92 a lokacin, yana mulki tun 6 ga Nuwamba 1982, kuma a 2024 ya yi makonni ba a gan shi a ƙasar ba har ministan cikin gida ya hana kafafen yaɗa labarai tattauna lafiyarsa. Sun hana mu yi wa tsufa ba'a ko yin hasashen ciwo, domin a wajenmu tsufa abin roƙo ne, amma suka nuna mana cewa tambayar sau nawa shugaba ya zo ya ji kukanmu ta muƙami ce, ba ta gida ba. Zuwansa Marwa ranar 7 ga Oktoba shi ne babban taron da ya halarta da kansa a duk kamfen, kuma faɗin wannan kawai, ba tare da an ɗora masa komai ba, ya fi kowane zagi tasiri a majalisun da na zauna.

Sun kuma ba mu awa guda a kan doka, wadda na so a ce ta fi haka tsawo. Dokar 2010 kan laifukan intanet tana hukunta wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba da ɗauri da tara mai nauyi, kuma tun Disamba 2019 an ƙara wa kundin hukunta laifuka sashen da ya haramta cin zarafin ƙabila. Da yawa daga cikin yaranmu ba su san cewa tura saƙon da wani ya rubuta yana iya jawo musu abin da zai jawo wa marubucinsa ba. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi ta baki wuyar mayarwa, tunda tana barin shaida.

Yanzu sai inda suka gaza, kuma na farko shi ne harshe. Duk darussan da Faransanci aka shirya su, shugaban ne yake juya mana su da baki zuwa Fulatanci da Hausa, wannan kuma ba laifi. Amma takardar rabawa da suka tsara mana da Hausa abin takaici ce. Babu ƙugiya ko ɗaya a haruffanta, ta yadda “ƙasa” ta koma “kasa”, taken da ya kamata ya yi maganar ɗaga ƙasarmu ya zama abin da mai karatu zai tsaya yana juyawa. Jimlolin kuma Faransanci ne sanye da rigar Hausa, a fili yake cewa na'ura ce ta fassara ba wanda ya duba. Mun riga mun biya kuɗin buga kwafi 500 kafin wani malamin makarantar allo a cikinmu ya karanta ya ce ba zai raba wannan da hannunsa ba. Da muka koma musu sun amsa kuskuren, suka zauna da malamin aka gyara, amma kuɗin bugu na biyu daga aljihunmu ya fito, kuma ko tayin raba asarar ba su yi ba. Babu kuma wanda ya yi tunanin ajami a cikinsu, alhali dattawan da muka fi bukatar su karanta da shi suka saba.

Na biyu, hankalinsu ya fi karkata ga Facebook da TikTok fiye da yadda garin yake. Saurayin nasu gwani ne, bidiyonsa tsaf, amma kowace safiya abin da yake kawo mana shi ne yawan waɗanda suka kalla, ba tare da ya iya gaya mana nawa ne a cikinsu suke da katin zaɓe a Garwa ba. Shekarun jefa ƙuri'a a Kamaru 20 ne, ba 18 ba, kuma da yawa daga masu danna mana alamar so ba su kai ba, wasu ma a Yola ko Injamena suke. Matan da ke cikin gidaje, waɗanda a rumfarmu su suka fi yin layi tun da safe, ba a ware musu ko darasi ɗaya ba. Wata Hajiya a kwamitinmu ce ta ɗauki abin a kanta, ta riƙa naɗar gajeren saƙon murya da Hausa da Fulatanci tana tura wa shugabannin adashi, tana bin gidajen suna da na biki. Abin da ta yi da tsohuwar wayarta ya kai inda bidiyon kamfanin bai taɓa leƙawa ba.

Gazawa ta uku ita ce ta fi yi mini ciwo. Kwana uku muka yi ana koya mana yadda za mu yi magana, amma ranar zaɓe kanta minti talatin aka ba ta a ƙarshen rana ta uku, mutane sun gaji suna haɗa jakunkuna. A tsarinmu kowane ɗan takara da tasa takardar ƙuri'a, mai zaɓe ya ɗauki duka ya shiga bayan labule ya sa guda a ambulan. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8 na safe a rufe ƙarfe 6 na yamma, a ƙirga a wurin a gaban jama'a, a cika takardar sakamako da kowa yake kira PV, wakilan 'yan takara su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa. Wannan takarda ita ce kaɗai abin da wakili yake fita da shi. A rumfar da na tsaya, magariba ta yi ana ƙirga, aka ɗauke wuta, aka ci gaba da hasken wayoyi, jama'a sun cika tagogi suna maimaita kowace lamba da ƙarfi. Wakilinmu yaro ne mai gaskiya, ya tsaya tun safe ko ruwa bai fita sha ba, amma da aka gama ya sa hannu ya fito hannu rabbana, domin babu wanda ya jaddada masa cewa kwafin haƙƙinsa ne kuma ba ya barin ɗakin sai da shi. Sai da na mayar da shi da gudu, muka yi sa'a shugaban rumfar bai tafi ba ya ba shi. A wasu rumfunan ba mu yi wannan sa'ar ba. Kamfanin da ya san darajar hujja har ya hana mu faɗin abin da ba mu da ranarsa, bai kamata ya manta da babbar hujjar zaɓe ba.

Sannan washegarin zaɓe suka rubuta mana godiya suka rufe zauren WhatsApp, domin kwangila ta ƙare. A takarda ba su saɓa alkawari ba. Amma kowa ya san abin da ya biyo baya: Tchiroma ya ayyana kansa a matsayin wanda ya ci tun kafin sakamakon hukuma, Majalisar Tsarin Mulki ta bayyana a ranar 27 ga Oktoba cewa Biya ya samu kashi 53.66 cikin ɗari, Tchiroma kuma 35.19, garin nan da Duwala da wasu garuruwa suka rikice, aka rasa rayuka, aka kama mutane da yawa. A waɗannan makonni biyu ne wayoyinmu suka cika da hotunan PV da ba a san asalinsu ba da saƙonnin murya masu tunzurawa, kuma a lokacin ne yaran da muka tara suka fi bukatar wanda zai ce musu su kife waya a kan tebur. Mu manyan kwamiti muka yi ta bin su gida-gida da ɗan abin da muka koya. Na kira shugaban kamfanin sau biyu, ya ɗauka, ya ba ni shawara mai kyau ba tare da ya nemi ko sisi ba, kuma ina yaba masa a kan haka, amma wannan alherinsa ne na kansa, ba tsarin kamfaninsa ba.

Ga mai tambaya ko ya je, amsata ita ce ya je, musamman idan yana da samari masu zafin kai da wayoyi a hannu, domin darasin raba abin faɗa gida uku da na fara duba tudun kai ban ji inda ake koyar da su da irin wannan natsuwa a garin nan ba, kuma jaka 25 ba ta yi yawa a kansu ba. Amma ya tafi da nasa mai duba Hausa da Fulatanci, kada ya biya kuɗin bugu sai an karanta masa takardar da ƙarfi a gaban mutum uku, ya kuma sa a rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a ba wakilan rumfa yini guda cikakke, kuma zauren tambayoyi ba zai rufe ba sai an bayyana sakamako. Na gaya wa shugaban nasu waɗannan sharuɗɗa baki da baki da muka haɗu a wajen wata jana'iza, ya saurare ni har na gama, ya ce suna neman malamin Hausa da za su ɗauka kuma za su sake duba farashinsu idan aka ƙara kwanaki. Kwamitinmu ya yanke cewa ba za mu ba da kuɗin kafin alƙalami na zaɓe mai zuwa ba sai mun ga malamin zaune a ofishin da idonmu.